Jemagen jami'a: wa zai yaba wa mai binciken da ba shi da sashe?

Clair Patterson bai fito neman lafiyar yara ba. Masanin sinadaran duwatsu ne a jami'ar Caltech da ke Amurka, kuma abin da ya sa a gaba shi ne gano shekarun duniya. Ya gano ɗin, domin a 1956 ya wallafa cewa shekarunta kusan biliyan 4.55 ne, adadin da har yau ake aiki da shi. Amma a kan hanya wani abu ya riƙa ɓata masa awo. Duk samfurin da ya ɗauko sai ya tarar da dalma, ƙarfen nan mai guba musamman ga yara, fiye da kima, a ruwa, a kwalabe, a ƙurar ɗaki, har a jikinsa. Sai da ya gina ɗaki na musamman mai tsananin tsabta kafin aikin ya yiwu. Wani da zai tsaya nan ya karɓi yabonsa. Shi kuwa ya bi sawun dalmar, ya auna ruwan teku, ya haƙo tsohuwar ƙanƙara a Girinlan da Antatika, ya nuna cewa dalmar da ake zuba wa man fetur tun shekarun 1920 ta cika iska da jikin mutane.

Me aka saka masa da shi? Masu harkar mai suka janye masa tallafi. A 1971 da aka kafa kwamitin ƙwararru na ƙasa kan dalmar da ke cikin iska, ba a sa shi ba, alhali babu wanda ya fi shi iya auna ta. Cikin hujjojin masu sukarsa akwai cewa shi ba likita ba ne, me ya kai mai duwatsu maganar jinin mutane? Lambar yabo ta Tyler, wadda ake bayarwa kan muhalli, ta iso shi a 1995, shekarar da ya rasu. Fetur mai dalma kuwa bai ƙare a gidajen man duniya ba sai 2021, lokacin da Aljeriya ta daina sayar da shi.

Na kawo labarin nan ne saboda yanzu ana yawan shirya bukukuwan karrama masu binciken da ya haɗa fannoni daban-daban kan ci gaba mai ɗorewa da lafiyar muhalli. Yabon gwani ya zama dole, ba na ja. Abin da nake cewa shi ne, lambar yabo ita ce mafi arha a cikin hanyoyin karrama mai bincike, kuma ita ce mai zuwa a makare. Inda ake yanke wa irin waɗannan mutane hukunci shi ne kwamitin ƙarin girma, da teburin editan mujalla, da zaman masu raba kuɗin bincike. A can ne suke zama jemage, tsuntsaye su ce dabba ne, dabbobi su ce tsuntsu ne.

Wannan ba zato ba ne. A 2016 mujallar Nature ta buga nazarin da Lindell Bromham da abokan aikinta suka yi kan takardun neman tallafi fiye da 18,000 da aka miƙa wa hukumar bincike ta Ostareliya. Suka gano cewa gwargwadon yadda takarda ta haɗa fannoni masu nisa da juna, gwargwadon yadda damar samun kuɗinta ke raguwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tantancewa. Takardar da ta haɗa ilimin ƙasa da likitanci da halayyar jama'a za ta faɗa hannun mutum uku. Kowannensu zai duba ɓangarensa ya ga bai yi zurfi kamar yadda ya saba ba, sauran kashi biyun kuma ba zai iya auna su ba, sai ya ba da maki na tsaka-tsaki don kada ya yi kuskure. Tsaka-tsaki sau uku kuwa faɗuwa ce. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma babu gidan da ya ɗauki wannan aiki nasa.

Matsalolin muhalli kuwa ba ruwansu da yadda muka yanka jami'a tsangaya-tsangaya. A Bangaladash, tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo kwalara da gudawa. Ta fuskar masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, aikin ya yi nasara, yara da yawa sun tsira. Sai dai ba a auna ruwan don sinadarin asenik ba, gubar da ke kwance a cikin ƙasar yankin tun asali. Sai a 1993 aka tabbatar da ita a rijiyoyin ƙasar, bayan mutane sun shekara da shekaru suna sha, tafin hannu da na ƙafa sun fara yin kanta da tabo. Da aka tashi gyara, aka bi rijiyoyi ana shafa wa bakin famfo fenti, ja ga mai guba, kore ga mai kyau. Nan ma magana ba ta ƙare ba. In koren famfon yana da nisa, ko yana gidan wanda ba a shiri da shi, mai ɗebo ruwa za ta koma ga jan. Injiniya ya haƙa, likitan fata ya ga tabo, mai ilimin ƙasa ya san inda gubar ta fito, amma sai wanda ya san zaman mutane ne zai faɗa maka ko fentin zai yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen duniya suna da alaƙa da muhalli, kuma da wuya ka sami ɗaya daga cikin musabbabansu da sashe guda zai iya warwarewa.

Akwai masu cewa taura biyu ba ta taunuwa, wanda ya ce zai san komai ba zai san komai ba. Suna da gaskiyarsu, kuma na ga takardun da aka liƙa musu sunan haɗakar fannoni alhali ba su riƙe ko ɗaya da kyau ba. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a 2015, kalmar ɗorewa ta zama ado, kowa yana rataya ta a kan aikinsa don a dube shi. Amma maganin wannan shi ne a ƙware wajen tantancewa. Patterson bai bar fanninsa ba, zurfin da ya yi a awo ne ya sa ya ga abin da likitoci ba su gani ba. Elinor Ostrom ma masaniyar kimiyyar siyasa ce, ta yi shekaru tana nazarin yadda jama'a ke tafiyar da dazuzzuka da ruwan ban-ruwa da wuraren kamun kifi da suka mallaka tare. Da aka ba ta lambar Nobel ta tattalin arziki a 2009, mace ta farko da ta samu, masana tattalin arziki da dama sun yi ta tambayar ko wace ce.

Saboda haka in jami'a ko hukumar tallafi da gaske take, ta fara daga takardar ƙarin girma. A daina rage wa malami maki don ya wallafa a mujallar da ba ta sashensa ba, ko don sunansa ne na biyar a aikin mutum goma da ba zai yiwu da mutum ɗaya ba. A sa wanda ya taɓa yin irin aikin a cikin masu tantancewa. A ba shi lokaci, domin kafin likita da mai ilimin ƙasa su fahimci harshen juna kaɗai shekara na iya wucewa, tallafin shekara biyu kuwa ba ya jira. A kuma lissafa abin da binciken ya canza a waje, dokar da aka gyara ko rijiyar da aka rufe, kamar yadda ake lissafa yawan waɗanda suka ambaci takarda. Ƙaramin malamin da ke tunanin ko ya bi sawun wata guba zuwa fannin da ba nasa ba, ba bikin karramawa yake kallo ba. Yana kallon abin da ya faru da wanda ya gwada kafin shi a zaman ƙarin girma na bara.