A Agege ɗana ɗalibi ne, a gida da "mai iska" za a ce masa

Ƙarfe shida da kwata na safe ɗana yake saka takalminsa, na hagu kafin na dama, ya tsaya bakin ƙofa yana jiran mai Keke Napep ɗin da muka yi ciniki da shi na wata-wata. Shekararsa 15, yana aji uku na ƙaramar sakandare a nan Agege. Ranar da mai keken ya makara, ko ya turo wani a madadinsa, to mun san darasin farko ya tafi, domin sai ya ɗauki lokaci yana kai da komowa a bakin aji yana kaɗa hannuwa kafin ransa ya kwanta.

Yana da lalurar otizim, wadda wasu 'yan jarida ke kira galahanga. Yana ɗan shekara shida muka san sunanta, a sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke Oshodi. Kafin nan babu abin da ba mu ji ba. Likitar ta zaunar da ni da mahaifiyarsa ta ce ba hauka ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba kuma ciwon da ake sha wa ƙwaya ya warke ba ne. Haka ƙwaƙwalwarsa take karɓar sauti da haske da maganar mutane, daban da tamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Duk wanda ya san yawan yara a ajin firamaren gwamnati a Kano ko Katsina, sai ya yi lissafi da kansa.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne ɗan yayata da ke garinmu a jihar Katsina. Ɗana ya girme shi da shekara biyu. Ba likita ba ne ni, amma duk sallar da na je gida ina ganin abin da na sani: ba ya haɗa ido da mutum, yana toshe kunne in an tayar da injin markaɗe, yana maimaita tambayar da aka yi masa maimakon ya amsa. Tun yana aji uku na firamare aka cire shi, malamin ya ce ba ya ja. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Unguwa kuma ta yanke hukuncinta, ta ce iska ce ta shafe shi.

Ba na raina addu'a, ni ma kullum cikinta nake. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, neman sanin abin da ke damun yaro kuwa yana cikin wannan. Tunda aka ce iska ce, ba wanda ya ƙara tambayar ko yaron zai iya karatu.

Abin da ya riƙe ɗana a makaranta ba wani abin a zo a gani ba ne. Malamar ajinsu Bayarabiya ce, ta yi horo kan koyar da masu buƙata ta musamman. Ta ba shi kujera ta gefe, nesa da taga. Ta manna masa jadawalin darussa mai hotuna a cikin murfin littafinsa, yana gama darasi ya ja layi a kai. Saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa, sai ta ratso ta taɓa teburinsa da yatsa, shi kuma ya saka abin toshe kunnensa. Lokacin taron safe, da yake ƙarar gangunan ɗalibai na gigita shi, a ɗakin karatu yake zama. Shi ke nan. In ka cire abin kunnen, duk wannan ko kwabo bai ci ba. A lissafi yana cikin na gaba-gaba a ajin. A rubutun insha'i kuwa har gobe fama ake, domin in aka ce ya ƙirƙiri labari sai ya ce ai bai faru ba.

Na ga yadda sani ke sauya mutum a Islamiyyarmu ta nan unguwa. Wata rana yana ta maimaita aya ɗaya da ƙarfi, malam ya daka masa tsawa ya ce, "Kai, kama bakinka!" Sai yaron ya sa hannu biyu ya damƙe leɓunansa, ya zauna a haka. Yara suka fashe da dariya, malam ya ɗauka raini ne, ya zabga masa bulala. Da daddare na same shi bayan isha'i na ce, "Allah gafarta malam, wallahi umarninka ya bi, haka yake ɗaukar magana, yadda ta fito." Ya yi shiru, can ya ce, "Alhaji, me ya sa ba ka faɗa mini tun farko ba?" Tun daga ranar bai ƙara ɗaga masa bulala ba. Yanzu shi yake sa shi ya ja wa ƙanana baƙi, saboda in ya ji ƙira'a sau biyu ta zauna.

Kada a ɗauka Legas aljanna ce. Makarantun kuɗi biyu sun mayar mana da shi, da murmushi da ban haƙuri. Kuɗin masu koyar da magana ya fi ƙarfin ɗan kasuwar Mile 12 irina in ba an yi da gaske ba, kuma ban samu ko ɗaya da ke aiki da Hausa ba. Ga janareta, ga hon, ga cunkoso, ga gidan haya inda maƙwabci zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ihun yaron ya hana shi barci. Sai dai a nan akwai ƙofar da za ka buga. Jihar ta yi dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, da ofishinta mai kula da harkokin naƙasassu, LASODA, kuma akwai makarantun gwamnati da aka buɗe wa irin waɗannan yara sashe a cikinsu. Dokar tarayya da ta hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta shafi Katsina kamar yadda ta shafi Legas. Yayata ba ta taɓa jin labarinta ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, gida ya fi Legas duk abin da yaron nan yake buƙata, in ban da sani. Ga tsakar gida mai faɗi, ga kaka, ga gwaggo, ga 'yan uwa da za su karɓi uwa in ta gaji. Rayuwa tana tafiya a kan tsari ɗaya, daga asuba zuwa isha'i, irin tsarin da muke wahalar ƙirƙira wa ɗana a nan da hotuna. A gida ne nake ganinsa ya fi natsuwa. A gidan ne kuma ake ce wa mahaifiyarsa ta shigar da shi ɗaki in baƙi sun zo.

Ranar 2 ga Afrilun 2025, ranar da duniya ta ware wa wannan lalura, an baje zanen wani yaro ɗan shekara 15 mai otizim, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, a dandalin Eagle Square na Abuja, zanen da ya shiga kundin bajinta na duniya na Guinness saboda girmansa. Na tura wa yayata hoton ta WhatsApp. Ta kira ni ta ce, "To ni nawa ba ya zane." Na ce, "Yaya, nawa ma ba ya yi. Me naki yake so?" Ta ce duk tsohuwar rediyon da ya samu sai ya warware ta ya mayar, har dukansa ake yi a kai.

Mun yi da ita in na zo babbar salla za mu kai shi Asibitin Malam Aminu Kano a duba shi, sannan mu je wurin hedimasta tare. Malamar ɗana ta riga ta buga mini kwafin jadawalin nan mai hotuna, mahaifiyarsa kuma tana rubuta Hausa a ƙarƙashin kowane hoto.