Kwanciya cik ba ta hana ƙarin daji motsi

A Damagaram, mai rakiyar marar lafiya zuwa gashin ciwon daji, wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi daga na'ura, yakan ce masa: "Baba, ka dai kwanta cik, kada ka motsa, shi ke nan." Shawara ce mai kyau, amma ba ta isa ba idan ƙarin yana cikin huhu ko hanta. Duk jan numfashi sai ya matsa, wani lokaci har fiye da santimita 1, ko da mutum bai ko ƙifta ido ba.

Abin ya fi tsanani a gashi da furoton, wato wasu mitsi-mitsin ƙwayoyin zarra da na'ura ke harba wa ƙarin. Shi hasken furoton yana sauke ƙarfinsa a daidai zurfin da aka auna, ya tsaya nan. Wannan ne amfaninsa, nan kuma hatsarin yake: ƙari ya gusa, lafiyayyen nama ya sha wuta.

Shi ya sa ake ɗaura wa mutum ɗamara mai bin numfashi a ciki, ko a ɗora alama a ƙirji kyamara na bin ta. Na'urar ba ta sakin haske sai numfashi ya dawo inda aka tsara. Wasu kuma a koya musu riƙe numfashi na ɗan lokaci.

Gashin da ake yi a Yamai ba na furoton ba ne, amma ya kamata masu jinya su tambayi likita yadda za a bi da numfashi.