Har yanzu motar Fijo 504 ake koya wa yaranmu?

Waɗanda suka ga abin da na rubuta shekaranjiya kan ɗan yayata sun san zancen. Shekara 3 yaro yana makarantar koyon sana'a, an yaye su, an yi hoto da takarda a hannu. Muka kai shi gareji can wajen kasuwar Muda Lawal a Bauchi, oga ya miƙo masa na'urar duba lafiyar mota ya ce soka mu ji me ke damunta. Yaro ya juya ta nan, ya juya ta can, ko ramin da ake soka ta a ƙarƙashin sitiyari bai san da shi ba. Da na tsare shi sai ya ce, "Kawu, mu fa injin Fijo 504 muka yi ta kwancewa muna ɗaurawa."

504! Sannunku da ƙoƙari. Motar da aka fara haɗa irinta a Kaduna tun 1975, ita ce darasin yaron da zai ci abinci da motoci masu kwamfuta a ciki. Kaburato, tsohuwar na'urar ba inji mai, ake koya masa, gari ya cika da injekta, ta zamani da ta maye gurbinta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 jama'a ke rububin sola da mayar da mota kan gas, su kuwa suna nan rungume da 504.

Kar wanda ya ce min babu kuɗi. Tun 1971 aka kafa ITF, asusun gwamnati na horas da ma'aikatan masana'antu, kuma doka ta sa kamfanoni su riƙa ba da kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi don horaswa. Masu cewa sai an fara da tushe, na ji, amma shekara 3 ana tushe, yaushe za a yi gini?

Wallahi ba malaman nake zagi ba, su ma abin da aka koya musu ke nan. Ga ogogin gareji da ba su da takarda ko ɗaya amma sun san ciwon motar zamani tun daga ƙararta. A ɗauko su mana su shiga aji, a biya su. Yaron nan bai yi magana ba har muka isa gida, abin ya tsaya min a rai.