Halatta tabar wiwi: wa zai riƙe lasisin?

Duk lokacin da aka yi zaton maganar halatta noman tabar wiwi ta mutu a Najeriya, sai a wayi gari wasu sun sake tono ta. A watan Maris na 2023 Majalisar Wakilai ta jingine ƙudirin da Benjamin Kalu da Miriam Onuoha suke cikin masu ɗaukar nauyinsa, bayan 'yan majalisa sun yi masa ca, amma jinginewa ba binnewa ba ce, kuma Kalu ɗin ya zama mataimakin kakakin majalisar watanni kaɗan bayan haka. Yanzu tallar da ake yi mana ita ce ta man wiwi, wanda wai za a tatsa a fitar waje a samo dala ba tare da wani ɗan ƙasa ya zuƙi ko kara ɗaya ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda nake jin wasu matasanmu masu ilimi a nan Gusau suna maimaita wannan magana, suna ganin duk wanda ya ƙi ta ɗan ƙauye ne da bai san inda duniya ta dosa ba.

Hujjarsu ba ta wuce cewa Kanada ta halatta a 2018, Lesotho ta fara ba da lasisi tun 2017, mu me muke jira. Sukan kuma tuna mana da marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, wanda ya tafi Tailan a 2019 don ya koyo yadda ake nomanta. Abin da ba sa faɗa shi ne Tailan ɗin ta saki wiwi a watan Yunin 2022, shagunan sayar da ita suka cika birane, sannan a Yunin 2025 gwamnati ta dawo ta ce ba mai saye sai da takardar likita.

Tambayar da ta dame ni ita ce waɗanda suke biyan kuɗin wannan yekuwa, domin doka irin wannan ba ta tsirowa daga buƙatar talaka. A Amurka, inda ake tilasta wa masu ba da gudummawar kamfe su bayyana kansu, an ga abin a fili. John Boehner, tsohon kakakin majalisar wakilan ƙasar, ya yi shekaru yana cewa ba zai taɓa goyon bayan halatta wiwi ba, amma a 2018, bayan ya bar majalisa, ya karɓi kujera a kamfanin wiwi na Acreage Holdings ya ce tunaninsa ya sauya. A jihar Ohayo, a 2015, attajiran da suka zuba kuɗi a ƙuri'ar raba gardamar halatta wiwi sun rubuta cikin ƙudirin cewa gonaki goma ne kawai za a yarda su noma ta don kasuwanci, kuma gonakin nasu ne. Jama'a suka gane, suka kayar da shi. A Fulorida, a 2024, kamfani guda mai suna Trulieve ya kashe sama da dala miliyan 140 a kan irin wannan ƙuri'a. Ba wanda ke zubar da dukiya haka don tausayin marasa lafiya.

To, idan haka ta faru a inda ake buɗe littafin kuɗin kamfe kowa ya gani, ina ga ƙasar da babu wanda ya san inda ɗan takara ya samo abin da ya raba wa daliget? A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce kada mai neman kujerar majalisar wakilai ya kashe fiye da naira miliyan 70, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da rumfar zaɓe ya san wannan iyaka a takarda ta tsaya. Ɗan siyasar da ya hau kujera da bashin ubangida a wuyansa yana neman abin da zai biya da shi, kuma babu abin biyan bashi mai sauƙi kamar lasisin da gwamnati kaɗai ke bayarwa. Manomin Maru ko na Tsafe ba zai taɓa ganin launin takardar ba. Za ta tafi hannun waɗanda suka sayi fom, ribar da ta fito kuma ta dawo ta sayi fom na gaba.

Mu a Zamfara ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da ke faruwa idan haja mai tsada ta faɗo inda hukuma ba ta da ƙarfi. Zinare halal ne, yana da doka, yana da lasisi, yana da ma'aikatar da ke kula da shi a Abuja. Duk da haka a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsu a tsakar gida kusa da inda ake girki. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar saboda alaƙarsa da 'yan bindiga, ba ta ɗage haramcin ba sai Disamban 2024, kuma a tsawon waɗannan shekaru ramukan ba su taɓa zama babu kowa ba. Har yau talaka bai san sunayen manyan da suka ci moriyar ba. Hukumar da ta kasa tsare ramin zinare, wanda ba ya motsi daga inda yake, ita ake so mu yarda za ta ƙirga kowane ganye a gonar wiwi ta tabbatar duk ta shiga jirgi zuwa Turai.

Akwai garuruwa a jihar nan da manomi zai ga geronsa ya nuna, ya sunkuyar da kai, amma ba zai kai masa lauje ba sai mutanen gari sun haɗa kuɗin harajin da 'yan daji suka yanka musu, mai unguwa yana bi gida-gida da jaka. Waɗannan 'yan daji da wiwi da ƙwaya suke samun ƙarfin zuciyar yin abin da suke yi, shi ya sa ake yawan kama masu kai musu ita tare da masu kai man fetur da burodi. Ƙara yawan hajar a cikin ƙasa, ko da daga dazukan Ondo da Edo ne, yana nufin saukar farashinta a dajin Zurmi.

Masu cewa haramci ya gaza don haka a saki, ban ga sun ce a halatta satar shanu ba, alhali ita ma hana ta ya gaza. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna shaye-shaye, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha, kuma kimanin miliyan 3 na masu shaye-shayen suna Arewa maso Yamma. Wannan adadi ne na lokacin da doka take hanawa. Iyayen da ke ɗaure ɗansu a bayan mota su nufi asibitin masu taɓin hankali na Kware a Sakkwato sun san abin da kowace lamba a ciki take nufi.

Ba zan kuma ƙyale namu 'yan siyasar ba, waɗanda za su miƙe a majalisa su ce addininmu da al'adarmu ba su yarda ba, a tafa musu. Gaskiya suka faɗa, kuma jihar da ta fara aiki da shari'a tun 2000 ba ta da wata matsaya sai wannan. Sai dai duk wanda ya taɓa bin ayarin kamfe ya ga motar da ke can baya, cike da yara 'yan ƙasa da shekara ashirin, idanu jajur, gora da adda a hannu, kuma ya san ba da kuɗin aljihunsu suka sayi abin da suka sha ba. Mai ɗaukar nauyin waɗannan yara yana da hannu a kasuwar wiwi tun kafin a halatta ta, kuma ina tsoron ranar da aka nuna masa rabonsa a lasisi zai gano cewa magani ce.

Saboda haka sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu su fito su faɗi matsayinsu tun yanzu, da bakinsu, a rediyo, yadda za a iya riƙe su da shi. Duk wanda ya sake kawo ƙudirin ya bayyana kamfanonin da suka zauna da shi da waɗanda suka biya masa kuɗin jirgi. Shawarar da shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa (NDLEA), Buba Marwa, ya bai wa jam'iyyu a 2022 ta yi wa 'yan takara gwajin ƙwaya ta zama doka, a haɗa da hukunta duk ɗan takarar da aka kama 'yan bangarsa da kayan maye. Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya kuwa a kai shi wurin gyaran hali, a bar gidan yari ga dillalan da ke loda buhuna a manyan motoci daga kudu.