Kafin ka sake aika wa Hajiya "maganin waje"

Da babbar sallar da ta wuce na je gaida gwaggona, na same ta a kan dadduma ta miƙe ƙafa, da wani tsohon gwangwanin biskit a gefenta. Nan take adana magungunanta. Ta ce in duba mata wani kwali, wai rubutun ya yi wa idonta ƙanana. Sai na zazzage gwangwanin a kan tabarma. Ga Panadol da aka yo mata tsaraba daga Makka, ga Doliprane na Faransa da ɗanta mai fatauci ya sayo a Maraɗi, ga wata 'yar robar Tylenol da jikanta ya aiko daga Amurka, ga kuma na mura da aka sayo a kemis ɗin bakin layi. Na ce, "Gwaggo, duk waɗannan kike sha?" Ta ce ai kowanne da aikinsa. Na Makka na ciwon kai ne, na Faransa na gwiwa, na Amurka kuwa sai ciwon ya yi tsanani take taɓa shi, don shi ya fi ƙarfi.

Ukun farko duk farasitamol ne zalla, na murar ma akwai shi a ciki. Duk kanwar ja ce, riga kawai aka sauya mata.

Ban ga laifin gwaggo ba. Ita ba ta yi boko ba, kuma abin da ɗa ya kawo mata da hannunsa ba ta da dalilin zarginsa. Laifin namu ne, mu matasa da ake aike kemis, mu da muke tafiye-tafiye, muke cusa magani a jaka kamar dabino da zamzam. Mun iya karanta saƙon waya mai layi hamsin, amma ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan kwali ba ma kallonsa, alhali a nan gaskiyar maganin take.

Kowane magani sunansa iri biyu ne. Akwai sunan kasuwa, wanda kamfani ya laƙaba masa ya rubuta da manyan haruffa. Akwai kuma sunan sinadarin da ke ciki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitar da jerin irinsa tun 1953 don likitan Kano da na Alƙahira su fahimci juna. Duk da haka ba ko'ina aka daidaita ba. Abin da mu da Ingila da Faransa muke kira paracetamol, Amurka da Kanada acetaminophen suke ce masa. Shi ya sa ko ka juya robar Tylenol gaba da baya ba za ka ga kalmar da ka saba da ita ba, sai ka ɗauka wani sabon abu ne. A Nijar za ka same shi da sunan Doliprane ko Efferalgan ko Dafalgan, a Saudiyya kuma Fevadol ko Adol. Haka ibuprofen: Advil da Motrin a Amurka, Nurofen da Brufen a Ingila. Diclofenac shi ne Voltaren, shi ne Cataflam, shi ne Olfen.

To mene ne abin damuwa? Lissafi. Babban mutum mai lafiyar hanta bai kamata ya wuce giram 4 na farasitamol a cikin awa 24 ba, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Tsoho, da mai ƙaramin jiki, da mai ciwon hanta, nasu ƙasa da haka ne, kuma kun san yadda ciwon hanta ya yi yawa a cikinmu, da yawa ma ba su san suna ɗauke da shi ba. Mu kuma mun taso da al'adar "sha biyu". Doliprane akwai na 500, akwai na 1000. Wanda ya watsa biyu na 1000 a baki ya sha rabin kason yini a zama ɗaya. Ya ƙara Panadol biyu da azahar, na mura da la'asar, Tylenol da dare, ya ƙetare iyaka yana ganin magunguna daban-daban ya sha. Abin tsoron shi ne hanta ba ta kuka da wuri. Mutum zai iya kwana guda lafiya lau, ko da ɗan tashin zuciya, sai daga baya ido ya yi rawaya. A Amurka da Ingila wannan maganin da muke rainawa shi ne kan gaba wajen kashe hanta farat ɗaya, har Ingila ta taƙaita a 1998 cewa kwalin da ake sayarwa a kanti kada ya wuce ƙwaya 16.

Akwai kuma akasin haka, suna ɗaya magani daban. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2006. A lokacin Dilacor a Amurka maganin hawan jini ne mai suna diltiazem, amma a ƙasar Sabiya digoxin ne, wani maganin zuciya da ɗan ƙari kaɗan ke mayar da shi guba. Saboda haka idan maganin Baba ya ƙare a ƙasar waje, kada ka faɗi sunan kwali kawai a miƙo maka. Wani kuma halal ne a can, haram a nan. Manyanmu za su tuna Novalgin da Analgin, waɗanda magani ɗaya ne. Amurka ta hana shi tun 1977 saboda yakan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, NAFDAC ma ta hana, amma har gobe ana ba da shi a Jamus da Sifaniya da Brazil.

Yanzu bari in zo inda ya fi damuna, wato shan maganin ciwo kullum, wata da watanni. Ku dubi ɗan acaɓa, da birkila, da mai turin ruwa, da telan da ke kwana a kan keke gab da sallah. Da magariba sai ka ji ya ce wa mai kemis, "A ba ni haɗi na gajiya." A zuba masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba kwali ba suna. Sau da yawa a ciki akwai diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda duk gida ɗaya suka fito. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa. Wannan dangin yana rage abin da ke kare bangon ciki daga tsaminsa, daga nan gyambon ciki, daga nan aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta. Yana rage jinin da ke zuwa ƙoda, musamman ga wanda ya wuni cikin rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba. Yana tayar da hawan jini. Mai juna biyu da cikinta ya kai mako 20 ba ta da haɗi da shi sai da izinin likita. Da azumi kuwa na sha ganin wanda zai buɗe baki da dabino ɗaya ya bi shi da diclofenac, ciki wayam, jiki a bushe. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda, ya ga abin da ake biya kowane mako, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Ciwon kai ma yana da nasa tarko. Wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon watanni uku, maganin da kansa zai iya zama silar ciwon. Ya sha ya lafa, da safe ya dawo, ya sake sha. An gudu ba a tsira ba.

Tramol ba sai na gabatar muku da shi ba. Da yawa ba da niyyar maye suka fara ba, ciwon baya ne ko karaya ko neman ƙarfin aiki. Wanda aka amince da shi a Najeriya na miligiram 50 da 100 ne, masu 200 da 225 da ke yawo a tasha ta ɓarauniyar hanya suka shigo. Jiki yana sabawa da shi, abin da ya isa jiya ba zai isa gobe ba, kuma yawansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya daɗe a kansa kada ya yanke dare ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa a hankali. 'Yan'uwanmu masu sikila kuma, waɗanda ciwonsu na gaske ne ba raki ba, a daina yi musu kallon 'yan ƙwaya, amma su ma kada allurar pentazocine ta koma abin da ake yi wa kai a ɗaki. Idan za ka yi tafiya da irin wannan magani, riƙe takardar likita, ka bar shi a kwalinsa na asali, ka bincika dokar ƙasar tun kafin ka tashi. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin tramol kusan 290 da ta ce ta kai wa abokin zamanta mai ciwon baya. Saudiyya ma ba ta wasa da wannan, don haka kada ka karɓi ƙunshin "maganin Hajiya" a filin jirgi ba ka buɗe ba.

Ciwon da ya wuce wata uku ba na kemis ba ne. Yana buƙatar a gano tushensa, a auna jini, a duba ƙoda lokaci-lokaci, a ba ka mafi ƙarancin abin da zai yi aiki. Ciwon gwiwa irin na gwaggo sau da yawa na shafawa ya fi dacewa da shi, da gashi, da 'yar tafiya, da rage ƙiba ga mai ita.

A ranar ban bar gidan ba sai da na ware ukun nan na ɗaure su da kyauro ɗaya, na ce mata, "Gwaggo, waɗannan 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, in kin sha ɗaya kin sha duka." Na ɗauki hoton kowane kwali ta wajen ƙaramin rubutun, na tura wa 'ya'yanta. Ranar Litinin muka kwashi gwangwanin gaba ɗaya muka kai gaban likita. Robar Amurka ce kawai ta hana a tafi da ita, wai ko ba komai jikanta ne ya aiko.