Bangon littafi ba sai da fuskar 'yar mutane ba

Marubutan Hausa mazauna Legas, musamman masu buga littattafan soyayya da kuɗin aljihunsu, yau da ku nake, kuma a kan bango ne.

Abin da ya zama ruwan dare shi ne mutum ya shiga Pinterest ko Instagram, ya ga wata kyakkyawa ta sha lalle ta yafa mayafi, ya sauke hoton, ya tura wa yaron da ke haɗa bango a Shomolu ya ɗora sunan littafi a kai. Ba wanda ya tambayi 'yar wace ce. Ta yiwu amarya ce ranar kamunta, ta yiwu matar aure ce da 'ya'yanta, sai kawai ga fuskarta a kan labarin kishiya mai bin bokaye, ana yawo da shi daga Agege har Sabon Garin Kano. Malam, in ƙanwarka ce za ka yarda? Hajiya, in 'yarki ce fa? Ban da wannan, hoto yana da mai shi, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kare masu ɗaukar hoto kamar yadda ta kare mu marubuta. Abin mamaki, wanda ke kuka an saci littafinsa an watsa a WhatsApp, shi ne kuma da hoton sata a bangonsa.

Hujjar kullum ita ce babu kuɗi. Na yarda, takarda ta yi tsada, kuma shafukan sayar da hotuna irin su Shutterstock da Adobe Stock ba da naira suke ciniki ba. Amma akwai na kyauta: Unsplash, Pexels da Pixabay duk sun yarda a yi amfani da hotunansu a harkar kasuwanci. Sai dai a lura, tunda Getty Images, kamfanin sayar da hotuna, ta sayi Unsplash a 2021, za ka ga na kuɗi a cakuɗe da na kyauta, ka duba kafin ka latsa. Kuma hoto ya zama kyauta ba ya nufin wadda ke cikinsa ta sa hannu ta amince. Pexels ma ta hana a nuna mutumin da ake iya ganewa a mummunar siffa, to ina ga a mai da ita muguwar uwar miji?

In za ka saya, kada wani ya ruɗe ka da babban lasisi, wato izinin amfani da hoto mai tsada. Ƙaramin na Shutterstock da na Adobe Stock ya ba ka damar buga har kwafi 500,000. Waye a cikinmu ya buga rabin haka? Hoton da aka yi wa alamar "na labarai ne kawai", shi kam ka bar shi, ba na bango ba ne.

Ni a ganina matsalar ta wuce tsada. Waɗannan rumbunan hotuna ba su san mu ba. Rubuta Hausa ka nema, abin da za ka fi gani dawakin hawan Sallah ne, da marinar Ƙofar Mata, da Bafulatana da ƙwaryar nono a ka. Duk masu kyau ne, amma labarinka na yarinyar da aka haifa a Idi-Araba ne, mai jin Yarbanci kamar Hausa, babanta na sauke kwandunan tumatir a Mile 12. Ina ruwanta da doki? Shi ya sa nake cewa a haƙura da fuska. Hannu mai lalle riƙe da waya, akwatunan lefe a jere, danfo mai ruwan ɗorawa cikin ruwan sama, hula a kan darduma: kowanne zai iya ɗaukar labari, kuma ya bar mai karatu ya zana tauraruwar da kansa. Irin waɗannan ko babu a intanet, mai hoton biki na unguwarku zai ɗauka maka, ciniki da naira, ku yi ƙaramar takarda ku sa hannu cewa ya ba ka izinin bugawa da sayarwa. Bangonka kuma ba za ka wayi gari ka gan shi a littafin wani ba, abin da hoton kyauta ba zai taɓa lamunce maka ba.

Na san wasu za su ce ai ga ƙirƙirarriyar basira (AI) mai haɗa hoto. To, a gwada, amma a ƙirga yatsu a duba zaman hula da ɗaurin ɗankwali, don nan take tafka shirme. Kuma in a shafin Amazon za ka sayar da littafin, ana buƙatar ka bayyana in da ita aka yi hoton.

Ko daga ina ka samo shi, sauke mafi girma. Maɗaba'a na son ɗigo 300 a kowane inci, Kindle kuma, manhajar karanta littattafai ta Amazon, ta fi son ɗigo 2,560 a tsawo da 1,600 a faɗi. In za ka tura wa mai haɗa bango ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba WhatsApp zai matse shi ya fito dishi-dishi a takarda. Ka kuma ɗauki hoton shafin lasisin ranar da ka sauke ka adana, don kamfanonin nan suna sauya sharuɗɗansu.