Sifikar Alhaji Mai Ƙugi

Alhaji: Injiniya shigo shigo, kar ka ce komai tukuna, kasa kunne. Ka ji ta?

Injiniya: Na ji ranka ya daɗe, huuuum ɗin nan.

Alhaji: To tun shekaranjiya haka take, ba waƙa ba labarai ba komai a kunne amma sai gurnani take min kamar wadda na ci wa bashi, jiya da daddare har tocila na ɗauko ina leƙa bayan kujera na zaci zuma ce ta yi gida.

Malam Na-sani: Ni fa na gaya masa iska ce ta shige ta. A kifa ta ta kwana a kife, da safe ta fita.

Yaro: Oga in kifa?

Injiniya: Kai matsa can. Alhaji irin wannan sifikar amfilifayarta a cikinta take, shi ya sa take da nata filogin daban, kuma duk abin da ya shigo mata ƙara masa ƙarfi take yi ba ruwanta da waƙa ce ko tarkace. Da shuuu take yi kamar yayyafi da sai in ce numfashin kayan cikinta ne, kowace tana da ɗan wannan. Amma huuum mai kauri haka muryar wutar lantarki ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. A Amurka ma sau 60 ne.

Alhaji: Ikon Allah, wato ko a ƙugin ma sai da suka ɗara.

Injiniya: Yaro cire waya.

Alhaji: Kai! Kai! Me hannunka yake yi a aljihuna?

Yaro: Oga ne ya ce in cire waya.

Injiniya: Wayar bayan sifika nake nufi sakarai, wadda ta taho daga kwamfuta. Amma tunda ka ciro ta ajiye ta nesa, ita ma in kira zai shigo tana sa sifika ta yi dit-dit-dit, sai dai wannan cutar daban ce. Yauwa zare. To Alhaji me ka ji?

Alhaji: Tsit. Wallahi tsit. Shikenan ka gyara, Allah ya yi albarka.

Injiniya: Ban gyara komai ba, a haka ai ko waƙa ba za ka ji ba. Abin da muka gano kawai shi ne sifikarka lafiyarta ƙalau, daga waje ake kawo mata. Da mun zare ta ci gaba da ƙugi to a cikinta yake, ko kafasitocin da ke tace wuta sun gaji, su ƙuginsu ya fi wannan siranta don ninki ne, sau 100, ko kuma tiransifomar ciki ce ke karkarwa, ita wannan in ka kanga kunne a jikin akwatin za ka ji daga nan yake fitowa ba daga bakin sifikar ba.

Malam Na-sani: Ai abin da na ce kenan. Kawo sukundireba a buɗe.

Injiniya: Malam iska ka ce. Kuma buɗe ta ba wasa ba ne, kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Yaro mayar da wayar bayan sifika, ka zare ta daga can wajen kwamfutar.

Yaro: Wayyo Oga! Ina taɓa bakin wayar ta yi buuuu! Ashe ni ne!

Alhaji: Na rantse tun da yaron nan ya shigo ban yarda da idonsa ba.

Injiniya: Kowa ya taɓa haka za ta yi, jikin mutum eriya ne, yana kwasar ƙugin wutar da ke cikin bango. Alhaji taɓa ka ji.

Alhaji: A'a na yarda, ba sai na taɓa ba.

Injiniya: To yaro soka a kwamfuta. Kun ji ya dawo ko? Yanzu zare cajar kwamfutar ta zauna a kan batir.

Alhaji: Ya ɗauke! Mayar mu ji. Ya dawo! Zare. Mayar. Zare.

Injiniya: Ya isa ranka ya daɗe za ka kashe soket ɗin. Ga ɓarawon nan mun kama. Dubi, cajar tana wancan bangon, sifika tana wannan bangon, kowacce filoginta mai ƙafa uku ne, ƙafa ta ukun nan ita ce at, wayar da ke zuwa ƙasa. To at ɗin can da na nan ba su zo daidai cif ba, akwai ɗan bambanci kaɗan, sai wayar sauti ta zama gada a tsakaninsu, 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikinta, ita kuma sifika baiwar Allah ta ɗauka waƙa ce aka aiko mata.

Malam Na-sani: To ai abin ya zo da sauƙi. Miƙo filaya in ɓalle ƙafar ukun nan kowa ya huta, ni duk kayan ɗakina haka na yi musu.

Injiniya: Shi ya sa rannan ka taɓa firjinka ka yi rawar da ba kiɗa?

Malam Na-sani: Wannan santsi ne ya ɗebe ni.

Injiniya: Ƙugin zai ɗauke kam, ban musa ba. Amma ranar da wata waya ta kwance a ciki ta taɓa ƙarfen jikin sifikar, wutar da ya kamata ta bi ƙafar nan ta tafi ƙasa, ta jikin wanda ya taɓa za ta bi.

Alhaji: Malam ajiye filayar nan. Ajiye na ce.

Injiniya: Yaro kawo ekstenshan ɗin can, haɗa caja da sifikar duka a wuri ɗaya su ci daga soket ɗaya. Yauwa.

Alhaji: Ya ragu sosai amma da saura, ni kunnena ba ya ƙarya.

Injiniya: Da saura mana. Wa ya murɗe maɓallin muryar bayan nan har ƙarshe?

Alhaji: Ni ne. Abu nawa, in ba ta rabi?

Injiniya: Ga kwamfutar kuma ka bar muryarta a kan 10. Ka ga kana aiko mata magana ƙasa-ƙasa ka ce ta yi ihu da ita, dole ta haɗa da tarkacen. Ɗaga na kwamfuta sama, rage na sifika zuwa rabi. Sannan wa ya kitse wayar sauti da wayar wuta haka kamar gashin amarya?

Yaro: Ya yi kyau fa Oga.

Alhaji: Hajiya ce, ta ce wayoyi sun cika mata ɗaki.

Injiniya: To a ba ta haƙuri a tsefe. In suka jera tare wayar wuta tana shafa wa ta sauti ƙugi, in dole sai sun haɗu to su gitta juna su wuce. Kuma wannan 'yar siririyar wayar mai ja da fari in ta yi tsawo kwashe-kwashe gare ta. Sifikarka tana da ramin XLR mai ido uku, in ka samu na'urar sauti mai irin wannan ramin ka yi amfani da shi, don wayar tana ɗauko sautin sau biyu ɗaya a juye, in sun iso a juyo shi, dattin da suka kwaso a hanya ya kashe kansa. In duk an yi ya ƙi, akwai ɗan ƙaramin akwati mai tiransifoma a ciki da ake sawa a tsakiyar wayar sauti, sauti ya wuce wutar zagayen ta tsaya.

Malam Na-sani: Duk wannan na sani, so nake in ga ko ya sani.

Injiniya: To Alhaji kasa kunne yanzu.

Alhaji: ...

Injiniya: Yaya?

Alhaji: Injiniya ka kashe min sifika.

Injiniya: A kunne take, ga 'yar fitilarta nan.

Alhaji: Fitilar a baya take, ni ina gaba. Da ina shigowa ɗaki na san a kunne take, yanzu ta ina zan sani? Ɗan mayar min da kaɗan, ba duka ba.

Yaro: Oga in zauna in riƙe masa bakin wayar?